Iyafis Mara Igiya Mai Kashe Ƙara: Abin da Yake Yi da Abin da Ba Ya Yi

A 'yan shekarun nan, wanda ya shiga birni ko ya je babbar kasuwa yakan ga abin mamaki. Sai ya ga saurayi yana tafe shi kaɗai, yana magana, yana dariya, har yana wurga hannu. Babu kowa kusa da shi, babu waya a hannunsa. Da a zamanin da ne, sai a ce yaron ya sami taɓin hankali. Amma in aka duba kunnensa da kyau, za a ga wani ɗan abu fari ko baƙi, bai fi kwanson gyaɗa girma ba. Ta cikinsa yake magana da mutumin da ke wani gari.

Wannan abu shi ne iyafis mara igiya. Yanzu ya fara shigowa ƙauyuka. 'Yan cirani suna dawowa da shi. Masu sayar da kayan waya suna baza shi a tebur ranar kasuwa. Akwai mai araha, akwai mai tsadar gaske. Mai tsadar shi ne ake cewa yana kashe ƙara. Wato ko mutum yana zaune kusa da inji, in ya sa shi a kunne sai ya ji rugugin injin ya lafa.

Wasu sun ce wannan zaƙin bakin 'yan talla ne kawai. Wasu kuma sun ɗauka in sun sa shi, babu sauran ƙarar da za ta cuce su. Dukansu ba su canka daidai ba. Abin yana aiki, amma aikinsa yana da iyaka. Wanda bai san iyakar ba yana iya asarar kuɗinsa, yana kuma iya asarar jinsa.

Yaya magana ke zuwa ba igiya?

Iyafis na da, wanda aka saba gani, yana da doguwar igiya da ake sokawa a jikin waya. Wannan sabon ba shi da ita. Yana karɓar magana ne ta iska, kamar yadda akwatin rediyo ke kamo tasha. Bambancin kawai, a nan wayar da ke aljihu ita ce tashar, kuma ƙarfinta ba ya zuwa nesa. Yawanci bai wuce mita 10 ba. In mutum ya bar wayar a ɗaki ya tafi bakin rijiya, sai maganar ta fara yankewa.

Sunan wannan hanya Bluetooth, a kasuwa kuwa ana cewa bulutut. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikin ƙirƙiro ta a shekarar 1994. Sunan na wani sarkin Danmak ne mai suna Harald, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Laƙabinsa yana nufin mai shuɗin haƙori. Ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, shi ya sa aka sa sunansa a kan abin da ke haɗa na'ura da na'ura.

A cikin kowane ɗan iyafis akwai kaya da yawa, duk da ƙanƙantarsa. Akwai 'yar lasifika mai fitar da magana. Akwai makirfo mai ɗaukar magana. Akwai ɗan batir. Akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa ta lantarki mai yin lissafi. Ɗan akwatin da ake ajiye su a ciki shi ma yana da nasa batir, shi ke yi musu caji in an mayar da su. Caji ɗaya yakan kai awa 5 zuwa 8, gwargwadon irin da aka saya.

Kunya da kwari

Kafin a gane yadda ake kashe ƙara, sai an san mece ce ƙarar.

In makaɗi ya bugi ganga, fatar tana rawa. Ta turo iska gaba, ta ja ta baya, ta sake turowa, da sauri ƙwarai. Wannan motsin iskar shi ke tafiya har ya shiga kunne. Shi ake kira sauti ko ƙara. Ido ba ya ganinsa, amma yana kama da abin da ake gani in yaro ya jefa dutse cikin kududdufi. Ruwan yakan yi tudu, ya yi kwari, ya yi tudu, ya yi kwari, har ya kai gaɓa.

To, kowane manomi ya san gonar da aka yi wa huɗa. Ga kunya, ga kwari, ga kunya, ga kwari. In aka rushe kowace kunya aka zuba ƙasarta a kwarin da ke kusa, me zai rage? Fili sumul, ba tudu ba kwari.

Haka wannan iyafis yake yi wa ƙara. Makirfon da ke bayansa yana sauraron ƙarar da ke zuwa daga waje. 'Yar ƙwaƙwalwar tana auna tudunta da kwarinta. Nan take sai ta sa lasifikar ta fitar da wata ƙara kishiyar ta farko. Inda ta waje ta yi tudu, ta ciki sai ta yi kwari. Inda ta waje ta yi kwari, ta ciki sai ta yi tudu. In suka haɗu a bakin dodon kunne, sai su cinye juna. Mutum ya ji shiru, ko kusa da shiru. Masu tsada suna da wani makirfo na biyu daga ciki, wanda ke sauraron abin da ya rage, don a ƙara gyarawa.

Abin mamaki a nan shi ne, da ƙara ake kashe ƙara. Ba sihiri ba ne, ba kuma toshewa ce kawai ba. Lissafi ne. Amma lissafi ne mai bukatar sauri, domin sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya. In kishiyar ta makara ko da kaɗan, tudu zai hau kan tudu, ƙarar ta ƙaru maimakon ta ragu.

Wannan sauri shi ya sa aikin yake da iyaka. Ƙarar da ya fi iya kashewa ita ce mai kauri, mai tafiya iri ɗaya ba ta canzawa. Misali rugugin injin babbar mota, gurnanin janareta, ƙugin jirgin sama, ko fanka. Irin wannan ƙara, abin da ta yi yanzu shi za ta yi an jima, saboda haka kama ta ba wuya. Amma ƙara mai siriri ko mai zuwa kwatsam, kamar kukan jariri, carar zakara, guɗa, ko bugun guduma a maƙera, ba ya iya kashe ta sosai. Abin da ke rage irin wannan shi ne 'yar robar da ke bakin iyafis, wadda ke toshe ƙofar kunne. Shi ya sa masu kyau suke zuwa da roba kala uku ko fiye, ƙarama da matsakaiciya da babba. In robar ba ta zauna daram a kunne ba, rabin aikin ya tafi.

Daga ina dabarar ta fito?

Dabarar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Wani masani Bajamushe mai suna Paul Lueg shi ya fara rubuta ta, har aka ba shi takardar mallakarta a Amurka a shekarar 1936. Amma a lokacin babu na'ura mai saurin da za ta yi aikin yadda ya kamata.

A shekarar 1978 wani malamin jami'a a Amurka, Amar Bose, wanda mahaifinsa mutumin Indiya ne, ya hau jirgin sama daga Turai zai koma gida. Aka ba shi abin sauraron kiɗa, amma ƙugin jirgin ya hana shi ji. Tun a cikin jirgin ya ɗauki takarda ya fara lissafi. Kamfaninsa ya yi shekaru yana aikin. A watan Disamba na 1986 wasu matuƙa biyu, Dick Rutan da Jeana Yeager, suka zaga duniya a wani ƙaramin jirgi mai suna Voyager, kwana 9 ba su sauka ba, ba su ƙara mai ba. Sun sa samfurin gwaji na wannan na'ura don kare kunnuwansu daga ƙarar inji. A 1989 aka fara sayar wa matuƙan jirgi, a shekarar 2000 kuma aka fito da na fasinja da sauran jama'a.

Duk waɗannan manya ne, masu rufe kunne gaba ɗaya. Ƙananan marasa igiya sun yaɗu ne bayan kamfanin Apple ya fito da AirPods a ƙarshen 2016. A 2019 ya fito da AirPods Pro mai kashe ƙara, a kan dala 249. In aka juya wannan kuɗi, ya isa a sayi buhunan hatsi da dama. Sony da Samsung da Bose su ma suna da nasu masu tsada. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi, kamar Oraimo, wanda gidansu ɗaya da wayoyin Tecno da Itel da Infinix.

Kunne ba ya tohowa

A nan ne maganar ta fi muhimmanci.

Ƙara in ta shiga kunne, dodon kunne take fara kaɗawa. Daga nan sai ta bi wasu ƙasusuwa uku, waɗanda babu ƙashin da ya kai su ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Sai ta isa can ciki, wani wuri mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke aika wa ƙwaƙwalwa labarin abin da aka ji.

Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, kamar yadda iska ke kwantar da gero. In an yi sa'a, bayan hutu sai su miƙe. Shi ya sa wanda ya kwana kusa da lasifika a gidan biki yakan tashi kunnensa yana ƙugi, zuwa jibi ya ware. Amma in abin ya yawaita, sai su karye su mutu. Wanda ya mutu kuwa ba ya dawowa. Farce yana tohowa, gashi yana tohowa, ciwo yana warkewa, amma waɗannan ba sa tohowa. Har yau babu allura ko ƙwayar da ke mayar da su. Kuma mugun abin, ba zafi ake ji ba. A hankali jin ke tafiya. Sai mutum ya wayi gari yana ta cewa "Me ka ce?", yana zargin mutane da magana ƙasa-ƙasa.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa tana kusan 30. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Babur in yana gudu yakan kai 95. Iyafis in an ƙure masa murya yana iya wuce 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jin ƙara mai ƙarfin 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ta kai 90, awa 4 ne kawai a mako. In ta kai 100, minti 20 ne a mako gaba ɗaya. A duba yadda lokacin ke raguwa da sauri. Hukumar ta kuma yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa fiye da biliyan 1, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron abu da ƙarfi. Ta ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don tunatar da duniya kula da ji.

To, ina amfanin mai kashe ƙara a nan? Amfaninsa na gaskiya ne. Mutumin da ke cikin motar haya yana son jin wa'azi ko labarai, da iyafis na kullum dole ya ƙure murya don ya rinjayi ƙarar inji. Wato ya tara wa kunnensa ƙara biyu. Da mai kashe ƙara kuwa, rugugin injin ya ragu, sai ya ji sarai da ƙaramar murya. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da take ba da shawarar a yi amfani da su. Shawararta kuma ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar waya, a riƙa kuma ba kunne hutu. In layin murya yana da gaɓa goma, a tsaya a ta shida.

Amma wanda ya sayi mai tsada ya ci gaba da ƙure murya, bai tsira daga komai ba. Tsadar ba ta kare kunne. Rage murya ke karewa.

Mai injin niƙa fa?

Masu injin niƙa, da masu casar shinkafa, da masu walda, da masu yanka katako, su ne suka fi kowa zama cikin ƙara. Ga wata alama mai sauƙi. In mutum yana tsaye kusa da ɗan'uwansa, tsakaninsu bai wuce tsawon hannu ba, amma sai ya yi ihu kafin a ji shi, to ƙarar wurin ta kai mai cutarwa. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san haka abin yake a can.

Irin wannan ma'aikaci kada ya dogara da iyafis na sauraron kiɗa. Ba don wannan aiki aka yi shi ba. Zai rage rugugin, amma ƙarar ƙarfe mai siriri za ta wuce. In kuma batir ya ƙare, kashe ƙarar ya tsaya. Ga garin hatsi da zai cika shi ya toshe makirfon. Abin da ya dace da shi shi ne toshin kunne na soso, wanda ake murzawa a cusa, ko babban marufin kunne irin na ma'aikatan kamfani. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan aikin gini da na walda, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na iyafis mai tsada ba. Audugar da wasu ke cusawa kuwa ba ta tare ƙara sai kaɗan.

Yaran da ake bari su yini suna taya aiki a gidan niƙa su ma kunnensu yana shan wannan ƙara. Yaron da jinsa ya ragu, karatu yakan yi masa wuya a aji, sai a ɗauka daƙiƙi ne.

Inda shiru ke zama haɗari

Kunne mai gadi ne. Ido gaba kawai yake gani, kunne kuwa yana jin abin da ke baya. Ɗan acaɓa, da mai keke, da mai tura kura, da mai tafiya a gefen titi, duk suna bukatar jin motar da ke tahowa. Ga shi kuwa rugugin injin mota shi ne ainihin ƙarar da wannan abu ya fi iya kashewa. Wanda ya toshe kunne biyu ya hau babur ya sa ransa da na fasinjansa cikin haɗari. Haka mai tsallaka hanyar jirgin ƙasa. Haka makiyayi a daji, da mai gadi da dare, da uwar da ta kwantar da jariri ta shiga madafa.

Masu ƙera shi sun san da wannan. Shi ya sa masu kyau suna da wani saiti na daban. In an danna, maimakon ya kashe ƙarar waje sai ya shigo da ita, mutum ya ji kamar babu komai a kunnensa. Duk da haka, a kan titi cire shi ya fi.

Akwai kuma batun tsabta. Abin yana zama cikin kunne, yana kwasar dauɗa da gumi. Ba a aronsa kamar yadda ake aron buta. Mai ruwan kunne ko ƙaiƙayi kada ya sa, kada kuma a sa nasa. A riƙa goge shi da busasshen ƙyalle. A ɗauke shi daga inda ƙananan yara suke, domin suna iya haɗiyewa, ga shi da batir a ciki. Wanda kunnensa ya kama ƙugi ba ya dainawa, ko ya ga jinsa na raguwa, ya je asibiti a duba. Kada ya soka tsinke ko gashin kaza.

Wani sabon abu kuma, a watan Satumba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da wani samfurin AirPods Pro a matsayin na'urar taimaka wa ji, ga manya waɗanda jinsu ya ɗan ragu. Wannan bai shafi kowane iyafis na kasuwa ba, kuma ba maganin kurumta ba ne.

Kafin a zaro kuɗi

Jabu ya yi yawa a wannan kaya. Kwalin iri ɗaya, tambarin iri ɗaya, amma ciki fanko. In an ce ga na babban kamfani a kan kuɗin kaza biyu, mai saye ya san abin da ake nufi.

A nan karatu yana da rana. A duba jikin kwali. In an rubuta ANC, ana nufin yana kashe ƙara a kunnen mai shi. In ENC kawai aka rubuta, ana nufin yana tace hayaniya ne don wanda ake waya da shi ya ji muryar mai kira sosai. Shi mai abin ba zai ji wani shiru ba. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma da yawa an saya musu na biyun suna tsammanin na farko ne.

Rubutu ma ana iya yin na ƙarya, don haka gwaji ya fi. Mai saye ya sa abin a kunne biyu, kada ya kunna kiɗa ko komai. Ya tsaya kusa da janareta ko motar da injinta ke aiki. Sai a kunna kashe ƙarar, a kashe, a sake kunnawa. In na gaske ne, zai ji rugugin ya faɗi nan take, kamar an rufe ƙofa. In bai ji bambanci ba, ya mayar wa mai shago kayansa. In ya saya, ya karɓi rasit.

Ya kuma sani cewa abin ba na gado ba ne. Ɗan batirin da ke ciki yana gajiya. Bayan shekara 2 ko 3 na aiki kullum, cajin yakan daina daɗewa. A yawancinsu an liƙe batirin da gam, mai gyaran waya ba ya iya canzawa. Zafi yana gaggauta lalacewarsa, saboda haka ba a barinsa a rana ko kusa da murhu, kuma wanda ya mutu ba a jefa shi cikin wuta. Ga kuɗin caji, a garin da babu lantarki. Ga sauƙin ɓata, domin in ɗaya ya faɗi cikin gona ko cikin rami, samunsa sai an sha wuya.

Masu sauraron rediyo a waya kuma su lura da wani abu. A wayoyi da yawa, igiyar iyafis na da ita ce eriyar da ke kamo tashoshin FM. In ba a soka ta ba, rediyon ba ya kamawa. Mara igiya ba ya yin wannan aiki. Wanda ya saba jin labarai da shirin manoma ta rediyon wayarsa, ko ya sayi sabon, kada ya yar da tsohon mai igiya.